Fasali A Kan Iyakar Kano Da Katsina, Da Abin Da Zai Auku Da Kutumbi Ya Ci Birni

Godiya ta tabbata ga Allah mai jujjuya zamani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinsa da alayensa da sahabbansa.

Amma bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, ko kana tsangaya riƙe da allonka, ko kana rumfa riƙe da mudunka, ka sani ƙasar nan da kake takawa tsakanin Durun da Kabo da Gwarzo da Karaye ta yi shekara fiye da 150 tana bakin wuta tsakanin sarauta biyu masu ƙarfi, wato Kano da Katsina. Yau kana hawa mota a Kabuga, ka bi ta Gwarzo, ka faɗa Dayi a ƙasar Katsina, babu mai tambayarka ko kai talakan wane sarki ne. A da kuwa tafiyar nan sai mai ƙarar kwana. Nufina in ba ka labarin yadda aka yi, sa'an nan mu auna tare: da al'amarin ya juya ta wata fuska, ina ƙasar nan za ta kasance, ina kuma kai za ka kasance?

Kafin mu shiga, akwai mas'ala guda. Wani zai ce, ashe malamai ba su hana faɗin "da a ce" ba? Jawabi shi ne, abin da suka hana shi ne "da a ce" ta mai baƙin ciki, wanda yake jayayya da ƙaddara bayan ta sauka, yana cizon yatsa a kan abin da ya wuce. Amma wadda ake yi don neman izina, kamar falken da ya zauna bayan ya komo daga ayari yana lissafin inda ya yi kuskure don ya gyara tafiyar gaba, wannan ba su hana ta ba. Ita za mu yi a nan. Abin da ya auku ya riga ya auku, kuma shi ne hukuncin Allah.

Fasali na farko: yadda gabar ta faro

Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, shi ne mafi yawan abin da muke dogara da shi, kuma shekarun da zan kawo na Miladiyya ne bisa lissafin da masu tarihi suka saba. Ya nuna yaƙi da Katsina ya tashi a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka shekara 11 ana gwabzawa babu wanda ya rinjayi wani. Ka lura, Rumfa shi ne ya kafa kasuwar Kurmi, kuma a zamaninsa ne Shehu Magili ya sauka Kano, ya kuma zauna Katsina. Garuruwan biyu addininsu ɗaya, harshensu ɗaya, malami ɗaya ya karantar a cikinsu. Abin da ya haɗa su faɗa shi ne abin da yake haɗa maƙwabta biyu a kasuwa: ayarin da yake saukowa daga Agadas da Gat da Gadamus da gishiri da tufafi da takarda da dawaki, a ƙofar wa zai sauke kaya, wa zai karɓi fito, wa kuma zai mallaki ƙasar noma da mutanen da suke tsakanin biranen biyu.

Abdullahi ɗan Rumfa ya kai yaƙi har kusa da Katsina, ya yi sansani a Tsagero wata huɗu. Daga baya sai rana ta juya. A zamanin Abubakar Kado, 1565 zuwa 1573, sarkin da ya duƙufa ga ibada da karatu, wanda ya tilasta wa 'ya'yan sarki koyon Alƙur'ani, Katsinawa suka ratso ƙasar Kano har suka sauka a Salanta, dab da ganuwa. Kanawa suka fito aka watsa su, suka koma cikin birni suka rufe ƙofa. Ƙauyuka suka zama kufai, ba a samun mutum sai a gari mai ganuwa kamar Karaye, ko a kan duwatsu. Ka tsaya a nan ka yi tunani, ya ɗan'uwa. Gonakin yammacin Kano, waɗanda suke ba ka dawa da gero da gyaɗa, akwai zamanin da babu mai iya kwana a cikinsu.

Muhammadu Shashere ya fita ramuwa, aka gamu a Kankiya, Katsinawa suka rinjaya. A zamanin Muhammadu Zaki, 1582 zuwa 1618, masifa ta zo ta fuska uku: Kwararrafa daga kudu, harin Katsinawa daga yamma da arewa, da yunwa wadda ta shekara 11. Duk da haka Zaki ya kai wa Katsinawa yaƙi ya ci nasara, kuma a Karaye ajali ya same shi. Bayansa Muhammadu Nazaki ya aika neman sulhu, Sarkin Katsina ya ƙi sharuɗɗan, ya taso, aka gamu a Karaye, Kanawa suka ci. Daga nan Karaye ta zama ƙofar yaƙi. Wambai Giwa, wanda ya faɗaɗa ganuwar Kano ta wajen Kabuga da Kansakali, ya tare a can yana kai hari ƙasar Katsina ba dare ba rana, har ya tara lifidi 100 da dawaki 1,000. Ƙarfinsa ya kai inda fada ta ji tsoron zai yi tawaye, aka tuɓe shi a zamanin Kutumbi. Ka riƙe sunan Wambai Giwa, za mu komo gare shi.

Fasali na biyu: daren Kutumbi da sulhun malamai

Kutumbi ya yi sarauta daga 1623 zuwa 1648, kuma Kano ba ta cika ganin sarki mai ƙasaita irin tasa ba. Shi ne ya fara karɓar jangali daga Fulani. Ya kewaye Katsina wata tara, babu mai fita daga birnin, ya komo da ganima mai yawa, amma birnin bai faɗi ba. Ya sake komawa, ya bi ta Yashe, ya sauka a ƙofar yamma ta Katsina. Katsinawa suka fito cikin dare suka auka wa sansanin tun Kanawa ba su farga ba, runduna ta watse, aka bi su da kora har Yashe. Sarki bai wuce kwana uku bayan wannan dare ba ya rasu.

Ɗansa Alhaji ya yi sarauta ɗan lokaci aka tuɓe shi, aka naɗa Shekarau, 1649 zuwa 1651. A zamanin Shekarau ne malamai uku suka shiga tsakani: Shehu Ataman, da Malam Bawa, da Liman 'Yandoya. Suka ƙulla sulhu, Shehu Ataman ya ɗora masa kashedi, cewa duk wanda ya fara zaluntar ɗan'uwansa daga cikin biranen biyu ba zai ga nasara ba. Daga wannan rana littafin bai sake ambaton yaƙi tsakanin Kano da Katsina ba har zuwan jihadi. Abin da lifidi da sulke suka kasa a shekara fiye da 150, mutum uku masu tawada da alƙalami suka gama shi.

Fasali na uku: da Katsinawa sun shiga daga Salanta

To, yanzu mu auna. Da a zamanin Kado ganuwa ta karye, Katsinawa suka shiga Kano, mai yiwuwa yammacin ƙasar ne zai fara komawa hannunsu, gama shi ne yake jingine da ƙasarsu. Kharajin Karaye da Godiya da Getso sai ya riƙa tafiya Katsina, fataken Larabawa su sauke kaya a can, Kurmi ta zama kasuwar cin gida. Amma ka tambayi kanka, shin Katsina za ta iya riƙe abin da ta haɗiya? Kano ta gabas tana da Gaya da Dutse, ta kudu tana da Rano, manyan garuruwa ne masu sarakunansu, waɗanda ko Sarkin Kano da kansa yakan sha fama da wasunsu. Bayansu kuma ga Barno. Sa'an nan ba a daɗe ba Kwararrafa suka zo. Da Katsina ce take riƙe da Kano a lokacin, ita ce za ta tare su, da dakarun da suke nesa da gida, a tsakiyar mutanen da ba sa ƙaunarta. Mafi kusa da hankali shi ne ta kwashi ganima da bayi ta koma, ta bar birnin a karye, kuma ƙasarmu ta yamma ta ci gaba da zama turbar mayaƙa, mai zuwa ya taka, mai komawa ya taka.

Fasali na huɗu: da Kutumbi ya ci Katsina

Wannan ita ce tambayar da ta fi daɗi a bakin Bakano. Da masu gadi sun farga a daren nan, aka wayi gari Kutumbi ya shiga birni, me zai biyo baya?

Abin da zai fara bayyana alheri ne ga ƙasarmu. Iyaka za ta tashi daga bayan Gwarzo ta koma can wajen Zamfara da Gobir. Karaye ta daina zama sansani, manomi ya fita daga ganuwa ya yi gida kusa da gonarsa, falke ya biya fito sau ɗaya maimakon sau biyu. Ƙasar da Durun take a cikinta yau sai ta zama tsakiyar daula, nesa da hari. Wannan shi ne rabin lissafin da mai son zuciya yake tsayawa a kansa. Sauran rabin yana da abu uku.

Na farko, cin birni daban, cin gidan sarauta daban. Ba sai mun yi kintace ba, gama tarihi ya gwada mana wannan a fili. A 1807 jama'ar Shehu Usmanu suka ci Katsina, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki. Gidan sarautar da aka kora bai ɓace ba. Suka yi arewa, daga bisani Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi, suka ci gaba da kiran kansu sarakunan Katsina, suka haɗa kai da Gobirawan Tsibiri, suka shafe mafi yawan ƙarnin suna kai hari ƙasar Katsina, wani lokaci har ƙasar Kano. Daular Sakkwato da dukan tutocinta ba ta iya tumɓuke su ba. To, abin da ya gagari Sakkwato, ta yaya zai yi wa Kutumbi sauƙi, shi kaɗai, ga Kwararrafa a bayansa? Da ya ci birnin a 1648, da wuya a ce ba za a sami wata Maraɗi ba tun a wancan zamani.

Na biyu, wa zai zauna masa a Katsina? Ka tuna Wambai Giwa. A Karaye kawai ya zauna, tafiyar kwana biyu daga fada, dawakinsa suka hana fada barci. Ina ga wanda aka damƙa wa Katsina ɗungum, da kasuwarta da fiton ayarinta, tafiyar kwana huɗu ko biyar daga Kano? Ko dai a riƙa tuɓe shi kafin ya yi ƙarfi, ƙasar ta rasa mai tsaronta, ko a bar shi ya yi ƙarfi, ɗansa ya ce shi ma sarki ne. Ta kowace hanya iyakar za ta komo inda take, tsakanin biranen biyu, wato a kanmu. Ga shi kuma bayan Kutumbi gidan sarautar Kano kansa bai zauna lafiya ba: cikin shekara huɗu aka yi Alhaji, da Shekarau, da Kukuna, da Soyaki, sa'an nan Kukuna ya komo. Gidan da yake wannan rikici ba zai riƙe birnin wani ba.

Na uku, kuma wannan naka ne, ya kai falke. A zamanin Kumbari, 1731 zuwa 1743, yaƙi da Gobir ya ci dukiya, sarki ya ɗora wa kasuwar Kurmi haraji har ta kusa mutuwa, ya kai ga karɓa daga hannun malamai. Me Larabawan Kano suka yi? Suka ɗaure kayansu suka koma Katsina, talakawa da yawa kuma suka fita ƙauye. Ka ga amfanin birni biyu. Sa'ad da sarki ɗaya ya tsananta, akwai ƙofar wani a buɗe, kuma sanin haka shi ne linzamin da yake bakin mai mulki. Da Kutumbi ya haɗe biranen a hannu ɗaya, jikansa ya tsananta haraji, ina attajiri zai nufa da raƙumansa? Sai Agadas ko Barno, kasuwar ta fita daga ƙasar Hausa gaba ɗaya. Haka kuma da rana ta juya bayan jihadi, harin Maraɗi ya dami Katsina, fatake suka gangaro Kano, har baƙon nan Bajamushe Barth, wanda ake kira Abdulkarimu, da ya ratsa biranen biyu a 1851, ya tarar Katsina ta yi baya, Kano ce uwar ciniki. Kowane birni ya taɓa zama mafakar ɗan'uwansa. Wannan ba zai yiwu ba da ɗayansu ya cinye ɗaya.

Fasali na biyar: da malamai sun yi shiru

Saura tambaya guda, kuma ita ce mafi nauyi. Da Shehu Ataman da abokansa sun ce wannan sha'anin sarakuna ne, suka zauna a zaurukansu, fa?

Dubi abin da ya zo bayan sulhun. A zamanin Kukuna Kwararrafa suka komo suka buga ƙofar Kano. A zamanin Dadi, wanda ya hau a 1670, suka shiga birnin ta Ƙofar Gadon Ƙaya suka yi kisa, sarki ya fita zuwa Daura. Bayansu Zamfarawa suka taso a zamanin Sharefa, sa'an nan Gobirawa a zamanin Kumbari da waɗanda suka biyo shi. Kano ta sha duk wannan ta miƙe, domin bayanta a rufe yake ta wajen Katsina. Ka ƙaddara a ranar da Kwararrafa suke Gadon Ƙaya, dawakin Katsina kuma suna Salanta kamar zamanin Kado. Birni ba ya ɗaukar guduma biyu a lokaci ɗaya. Ita ma Katsina, a shekarun nan na sulhu ne karatunta da cinikinta suka kai ƙololuwa. Zamanin Ɗan Masani da Ɗan Marina ke nan, zamanin da almajirai suke niƙo gari daga nesa zuwa gare ta. Karatu yana son kwanciyar hankali kamar yadda shuka take son damina. Da yaƙin ya ɗore, almajirin da zai tashi daga yammacin Kano zuwa Katsina neman ilmi, a hanya za a kama shi a sayar.

Fasali na shida: inda iyakar ta koma

Jihadi ya sa Kano da Katsina ƙarƙashin tuta ɗaya, rigimar iyaka ta zama abin da ake kaiwa Sakkwato a yanke. Gabar ta koma arewa, tsakanin Katsina da Maraɗi. Sa'an nan wasu dauloli biyu suka zo, Ingila da Faransa, suka yi ta ja a kan wannan ƙasa a bisa takarda. Sun ja layi a 1890 daga Sayi zuwa Barruwa, suka sāke shi a 1898, suka kuma sāke a 1904 da 1906, domin Faransa tana neman hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Damagaram. Da aka kafa alamun iyaka, Maraɗi ta faɗa wa Faransa, Katsina da Kano, waɗanda Ingila ta ci a 1903, suka zauna a nata ɓangaren. Zuriya ɗaya ta Katsinawa, yau wasu suna kashe sefa, wasu naira. Waɗanda suka ja layin ba su tambayi manomi ko ɗaya ba. Iyakar da take bayan Gwarzo kuwa ta zama ta lardi, daga baya ta jiha: an yi Jihar Kano a 1967, Jihar Katsina a 1987.

Kada ka zaci zancen ya zama tatsuniya. A 2025 'yan bindiga sun shigo ƙauyukan Shanono da Tsanyawa ta wannan iyaka, suka sace mutane da dabbobi, bayan 'yan'uwanmu na ƙasar Katsina sun shekara da shekaru suna shan wannan azaba. Mutanen bakin iyaka su ne suke fara jin zafin kowace fitina, jiya da yau, kuma wutar da ta kama ɗakin maƙwabci ba ta san shinge ba.

Khatima

Ga fa'idojin da na tsinto maka. Ya kai falke, maƙwabcin rumfarka da kake fatan ya karye, watakila shi ne Katsinarka ranar da kasuwa ta juya maka baya. Yi gasa da shi a kyawun kaya da cikar mudu, kada ka nemi tashinsa. Ya kai manomi, rigimar kunya ɗaya a iyakar gona takan ci kuɗin da ya fi gonar, kuma takan gadar wa jikoki gabar da ba su san mafarinta ba. Kira dattawa tun ƙasa tana da danshi. Ya kai almajiri, sunayen jarumawan da suka faɗi a Kankiya da Karaye da Yashe mafi yawansu sun ɓace, sunayen malamai ukun nan kuwa ga shi muna karanta su bayan shekara fiye da 370. Idan Allah ya ba ka ilmi har mutane suka ji maganarka, kuma ka ga Musulmi biyu sun ja daga, to, zamanka a zaure ba tsantseni ba ne. Tashi ka shiga tsakani.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, gabas da yamma, kudu da arewa. Ya jiƙan magabatanmu na Kano da na Katsina baki ɗaya. Wanda ya ga kuskure a cikin wannan fasali ya gyara da alheri. Allah shi ne mafi sani.

Tammat.